Abin da gangar netil ta koya mini kafin in bar lambu

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma gangar takin netil, wato tsimin da ake yi da ganyen wata ciyawa mai ƙaiƙayi don shayar da shuka, za ta koma hannun wani. Shi nake rubuta wa wannan.

Kada ka yarda kowa ya sa ka zuba tsimin a kan shuka ba ka sirka shi ba, ko da shi ke biyanka albashi. Shugaban sashenmu ya taɓa matsa mini in shayar da ƙananan dashen kabeji da shi yadda yake, wai don su yi saurin girma kafin ranar kai wa masu saye. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, saiwarsu ba za ta ɗauka ba." Ya ce ba a ɗauke ni aiki don gardama ba. Kafin mako ya zagayo gefen ganyen ya ƙone, yawancin dashen ya kwanta. A rahoton da ya kai sama, sunana ne ya fito, cewa ban iya haɗi ba. Aka yanke mini albashi, shi kuwa ko a jikinsa. Har yau abin na ci mini rai, domin haɗin nan ba shi da aibi ko kaɗan.

Kilo 1 ne na ɗanyen ganye a lita 10 na ruwa, ruwan sama ya fi. Ka yanko shi da safar hannu kafin ya yi iri, in ba haka ba ciyawar ƙaiƙayi za ka shuka wa kanka. Gangar roba, ban da ta ƙarfe. Ka riƙa juyawa kullum; idan kumfa ta daina tasowa, wajen mako 2 zuwa 3, ya nuna. Sai ka tace, ka sa kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa a gindin shuka, ko kashi 1 cikin kashi 20 na ruwa idan feshi ne a ganye. Naitirojin ɗinsa ne ke sa ganye ya yi shar, shi ne kuma ke ƙone ƙaramar saiwa.

Wake ba ya buƙatarsa. Tumatir da ya fara fure a rage masa, kada ƙarfinsa ya ƙare a yin ganye. Warin kuwa sai haƙuri, ka dai ajiye gangar nesa da ofis.

Duk umarnin da aka ba ka a kan gangar nan, ka nemi a rubuta shi a littafin aiki, a sa hannu. Tun da na fara haka, ko dashe ɗaya bai sake ƙonewa a hannuna ba.