Wa Muke Roƙo, Wa Muke Yanke wa Hukunci?

Duk wanda ya saba sauraren shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon Bauchi, ko yake zama a teburin mai shayi a Wunti lokacin labaran safe, ya san cewa mutanenmu ba sa tsayawa ga jin labari kawai. Kafin mai karantawa ya rufe baki, kowa ya fara faɗin abin da za a yi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda lafazin yake sauyawa gwargwadon ƙarfin wanda ake magana a kansa.

Idan labari ya shafi masu mulki, harshe yakan yi laushi. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota zuwa Azare ko Gombe ya yi tashin gwauron zabi, amma abin da aka fi ji shi ne: "Don girman Allah a tausaya wa talaka," da "Muna roƙon mai girma gwamna ya dubi Allah ya taimaka mana." Ladabi tarbiyyarmu ce, kuma ba na so mu rabu da ita. Sai dai sashe na 14 na kundin tsarin mulki na 1999 ya bayyana cewa tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban aikin gwamnati, don haka wanda ya nemi haƙƙinsa da muryar mai bara ya riga ya nuna wa mai mulki cewa duk abin da zai yi alfarma ce.

Amma a ce an kama wani matashi bisa zargin ƙwacen waya. Nan take "don Allah" take ɓacewa, sai ka ji "A gama da shi!" da "Kada a kai shi wurin 'yan sanda, gobe za su sake shi!" Na fahimci tushen wannan fushi, domin duk wanda ya ga abin da 'yan sara-suka suka yi wa unguwannin Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe, ya san takaicin ganin wanda aka kama jiya yana yawo yau. Duk da haka, ku lura da yadda maganar take fitowa. Babu mai cewa "zan kashe shi," kuma babu mai kiran sunan wanda yake so ya ɗauki gora. Sai dai a ce "a yi," wanda ya faɗa ya koma gefe yana ganin hannunsa tsaf ne, alhali a cikin taron akwai yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ya ɗauki maganar a matsayin izini daga manya.

Na taɓa ganin haka a bakin wata kasuwa. An riƙe wani yaro, rigarsa a yage, leɓensa na jini, masu faɗin abin da za a yi masa kuwa suna can baya, wasu ma ba su san abin da ake cewa ya sata ba. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya kutsa ciki ya tsaya a gabansa, ya dubi wani saurayi da ke riƙe da dutse ya ce, "Kai, ɗana, ajiye wannan. Kira mini mai unguwa." Saurayin ya ajiye, saboda da shi aka yi maganar ido da ido.

Sashe na 36 na kundin ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifinsa, kuma shari'ar Musulunci da kotunan jiharmu suke aiki da ita ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, ta bar hukunci a hannun alƙali. Ga shi kuwa a majalisunmu na hira, wanda ya ce "a bincika tukuna" shi ne ake juyowa a tambaya ko ɓarawon ɗan uwansa ne.