Rantsuwar faladin da kurakuran da na tafka wajen fassara ta

Ƙannena masu sha'awar wasannin jarumai da ake yi a kan tebur, irin su Dungeons & Dragons, na daɗe ina zaɓen faladin a matsayin jarumin da nake wasa da shi, kuma a mafi yawan shekarun nan ni ne wanda abokan wasa ke yi wa tsaki a ɓoye. Faladin mayaƙi ne da ƙarfinsa ya rataya a kan rantsuwar da ya yi. Sunan ya samo asali daga jaruman fadar Sharlman, wani sarkin Turai na zamanin da, ya kuma shigo wasan a 1975, shekara guda bayan fitowarsa.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki rantsuwar da jarumina ya yi na ɗora ta a wuyan kowa. A bugun 2003 na wasan, an shar'anta wa faladin ya girmama halattacciyar hukuma, kada ya yi ƙarya, ko maguɗi, ko amfani da guba, ya taimaki mabuƙata, ya kuma hukunta masu cutar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk waɗannan nauyi ne a kansa shi kaɗai, amma sai na kafa wa abokin da jaruminsa ɓarawo ne ƙahon zuƙa, har wata rana da ya ɓalle kwaɗon wani kurkuku domin mu kuɓutar da fursunoni na ce zan miƙa shi ga dakarun gari. Na kafa hujja da dokar da ta hana faladin tarayya da miyagu, alhali dokar ta yi magana ne a kan wanda ya san mugu ne, ko wanda yake keta masa ƙa'ida a kai a kai. Ɓalle kwaɗo sau ɗaya domin ceto bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. A daren nan mun cinye kusan sa'a guda muna gardama, fursunonin kuwa suna nan a ɗaure.

Na biyu ya fi ba ni kunya, domin kalma ɗaya ce tak na tsallake. An ce halattacciyar hukuma, ni kuwa na karanta hukuma kawai. Da jagoran wasanmu, wato mai tsara labarin da yanke hukunci, ya kawo wani hakimi da ya ƙwace mulki ta hanyar kashe wansa, ya kuma umarce mu da mu kamo manoman da suka gudu daga harajinsa, sai na ce doka doka ce, na shige gaba. Da na tsaya na yi tunani, da na ga cewa marubutan sun sa wannan kalma ce da gangan domin faladin ya auna mai ba da umarni kafin ya auna umarnin. Haka nan baiwar da faladin ke da ita ta gane mugunta ta ruɗe ni: na taɓa zare wa wani ɗan kasuwa takobi don kawai baiwar ta nuna shi. Baiwar tana bayyana halin zuciya ne, hukunci kuwa an rataya shi a kan cutarwa ko barazanarta, kuma marowaci mai baƙar zuciya yana iya ƙare rayuwarsa bai aikata abin da ya cancanci kaifin takobi ba.

Da na koma kujerar jagoran wasa sai na yi abin da ya fi waɗannan muni. Na tashi da labarin tsauraran dokokin bugun 1978, inda faladin yake ba da kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu, ba ya mallakar kayan sihiri fiye da 10, kuma idan ya aikata mugunta yakan rasa matsayinsa har abada ya koma mayaƙi gama-gari. Abin da na manta shi ne ko a can an gindaya sharaɗin sani da ganganci. Na ɗana wa wani abokina tarko: jaruminsa ya ɓoye wata mata da azzalumai ke farauta, suka zo suka tambaye shi ko tana ciki. Idan ya yi ƙarya in ce ya karya rantsuwa, idan ya faɗi gaskiya in ce ya ci amanar mai rauni, gaba kura baya sayaki. Na ɗauka na ƙirƙiro labari mai zurfi. Shi kuwa ya gane cewa tun kafin ya buɗe baki na riga na yanke hukunci, kuma a zama na gaba ya zo da wani jarumi dabam wanda bai yi wa kowa rantsuwa ba.

Masu tsara wasannin su ma sun lura da wannan matsala. Bugun 2014 ya bai wa faladin zaɓin rantsuwa iri uku a mataki na 3 na ci gaban jarumi, ya kuma yarda cewa shi ma yana kuskure, yana iya neman yafiya ya yi kaffara, sai wanda ya karya da gangan ya ƙi tuba ne jagora zai iya raba shi da matsayinsa. Bugu na biyu na Pathfinder, wani wasa irin wannan, wanda ya fito a 2019, ya jera ƙa'idojin bisa fifiko, ta yadda idan biyu suka ci karo ta sama ce ke rinjaye. A ganina wannan ita ce mafi hikimar gyara, kuma ko ba wannan wasa kuke yi ba, kuna iya aron ta.

Saboda haka, kafin zaman farko ku keɓe da jagoranku ku rubuta ƙa'idojin jaruminku a takarda ɗaya, ku jera su daga babba zuwa ƙarama, ku kuma yi yarjejeniya cewa zai gargaɗe ku kafin ku aikata abin da yake ganin saɓo ne, tun da jarumin da ya rayu da rantsuwa ya fi ɗan wasan da ke riƙe da shi sanin iyakarta. A takardar da nake amfani da ita yanzu, kare ran mai rauni yana sama da faɗin gaskiya, faɗin gaskiya yana sama da biyayya ga sarakuna, kuma a ƙasa na amsa tambayoyi uku da suka fi jawo rigima: abin da zan yi da maƙiyin da ya miƙa wuya, ko yin shiru ƙarya ne, da kuma ko kwanton ɓauna ya halatta a yaƙi.