Kafin Ka Ajiye Karatu Ka Ce Ubangiji Ya Kira Ka

Ranar Lahadin da ta gabata, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi daga Zumuntar Matasa ta ikkilisiyarmu ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, ina so ka sa mini albarka, na yanke shawarar barin jami'a." Yana ajin ƙarshe, abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Ya ce Ubangiji ya yi masa magana a wurin addu'ar dare, cewa lokaci ya ƙure, kuma ba a bauta wa iyayengiji biyu. Ya ciro waya ya nuna mini sanarwar taron farkawar da zai fara, fuskarsa ta cinye rabin hoton. Na ce, "Ɗana, mahaifiyarka ta sani?" Ya ce za ta fahimta daga baya. Matar nan gwauruwa ce, da kuɗin ƙosai da kunu ta kai shi inda yake. Ban sa masa albarkar da ya nema ba, na ce ya same ni a gida. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin maganganun da ya yi nawa ne, da bakina na faɗe su a farkon shekarun 1980.

A lokacin ni malamin firamare ne, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ni ne ɗan fari, mahaifinmu ya rasu ya bar tsohuwa da ƙannena da 'yar gona. Albashina bai kai ya kawo ba, amma shi ne yake sayen taki, shi ne kuma yake riƙe da ƙanwata a makarantar kwana. Na ba da raina ga Yesu tun ina kwaleji, a zumuntar ɗalibai, kuma wannan ba na nadamarsa ko da ƙwayar zarra, da za a mayar da ni baya da na sake yi. Zamanin farkawa ne. 'Yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa, waɗanda suka fara tun shekarun 1960, suna bin kasuwanni da ƙauyuka da waƙa da shaida, matasa suna kwana suna addu'a a azuzuwa, mutum yakan tuba ya mayar da abin da ya sata shekaru da suka wuce. Wanda bai ga lokacin ba da wuya ya gane yadda zuciyar saurayi takan kasa zama wuri ɗaya.

Kuskurena ya fara ne a cikin tunani. Na raba rayuwa gida biyu, na ce abin da ake yi a majami'a da filin wa'azi na Allah ne, saura duka na duniya ne. Duba littattafan yara ya zama mini ɓata lokaci. Nakan bar aji a hannun monita in tafi shirin taro, in na dawo in tarar da yara suna barci a kan benci, zuciyata kuwa ba ta zarge ni ba, domin a ganina aiki mafi girma na tafi yi. Albashi yana shigowa sai ya tafi hayar lasifika da batir da fitilar gas. Daga bisani na rubuta takardar ajiye aiki. Hedimastanmu, wanda shi ma dattijo ne a wata ikkilisiya, ya sa ta a aljihun teburinsa ya ce, "Malam, ka je ka ƙara tunani, ka kuma je ka ga tsohuwa." Na karanta masa Luka 9:62, cewa wanda ya kama garma yana waiwaye bai dace da Mulkin Allah ba. Ya dube ni, bai ƙara cewa kome ba.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne labarin da ake ba mu na samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Legas a Disambar 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar nan. Shekarar 1894 ba ta ƙare ba sai da Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa. Daga wannan aikin ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga ita kuma ikkilisiyar ECWA. Nakan ce wa kaina, su sun ba da ransu, ni me ya sa zan riƙe albashi? A nan na tsaya da labarin. Sai bayan shekaru na ji sauransa, cewa mahaifiyar Gowans ce ta ɗauki nawayar ƙasar nan a zuciyarta, da saninta da yardarta ɗanta ya taho, ita ce ma ta zaburar da Bingham ya biyo shi. Tawa mahaifiyar kuwa a bakin mutane ta ji cewa na bar aiki.

Akwai wata rana da ba ta fita daga raina. Na biya ta gida a kan hanyata ta zuwa wani taro, ba ko sisi a aljihuna. Na tarar da tsohuwa ta dawo daga kasuwa, inda ta kai daddawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ba ni fura, ta tambayi lafiyata. Da na tashi tafiya, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirgo 'yan tsabar da ta samo, ta miƙo mini kusan duka, ta ce, "Ga kuɗin mota, Allah ya kiyaye hanya." Na karɓa. Da daren nan na tsaya a gaban jama'a na ba da shaida cewa na fito gida ba ko kwabo, Ubangiji kuwa ya tanada ta hanyar da ban zata ba. Aka yi tafi, aka ɗaga waƙa. Ban ambaci sunanta ba, ban kuma tambayi kaina me za su ci a gida a makon ba. A shekarar da ta biyo baya aka cire ƙanwata daga makaranta saboda kuɗi, ba a jima ba aka yi mata aure. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Har yau ba ta taɓa goranta mini ba.

Duk da haka, ba zan yarda a ce shekarun nan banza ba ne. Mutane sun tuba da gaske. Akwai ƙauyen da muka yi wa'azi a gindin tsamiya, yau akwai majami'a a wurin da fastonsu. Ban sha giya ba, ban nemi mata ba, ban ci kuɗin kowa ba, na kwana a ƙasa, na yi tafiyar ƙafa da yunwa. Wasu daga cikin waɗanda suka yi ta ja mini kunne kuma ba kishin Allah ne ya dame su ba, sun saba da addinin Lahadi kawai, zafin nawa ne yake tona musu asiri. Ba kuma wanda ya zaunar da ni ya buɗe mini Littafi ya nuna mini inda na karkace, sai dai a ce mini in rage. Amma in na faɗi wannan sai zuciyata ta tuna mini cewa hedimasta ya faɗa, ni ne ban ji ba. Ta kuma tuna mini cewa Allah yana iya ceton ƙauyen nan ba tare da an cire ƙanwata daga makaranta ba. Ina son a kira ni mutumin Allah, wannan ita ce gaskiyar da na fi jin nauyin faɗa. A gaban lasifika addu'ata ba ta ƙarewa, a ɗakina kuwa ni kaɗai, na kai matsayin da ba na iya durƙusawa in daɗe.

Wani tsohon mai bishara ne ya tsayar da ni, mutumin da ya yi rayuwarsa duka a ƙauyuka. Na kwana gidansa ina ba shi labarin nasarori, ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wace ikkilisiya ce ta aiko ka?" Na ce Ruhu ne ya aiko ni. Ya ce, "To, wa ya nome wa tsohuwa gona bana?" Ya buɗe Markus sura 7, inda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa saboda suna koya wa mutum ya ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya riga ya keɓe wa Allah, Yesu kuwa ya ce da haka suna rushe maganar Allah. Ya bi da 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da nasa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya, ya ma fi marar bi muni. Na san ayoyin, na sha karanta su, ban dai taɓa ganin kaina a cikinsu ba. Ko bayan haka ban koma nan da nan ba, kunya ta riƙe ni, domin na riga na yi shela cewa na bar duniya. Da na koma koyarwa daga ƙarshe, abin da ya lalace a gida ya riga ya lalace.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, 'ya'yana, amma da na duba sai na ga kaɗan ne suke da nauyi.

Ku gama karatunku, ku riƙe sana'arku. Ayar da kuke so a Kolosiyawa 3:23, wadda ta ce kome za ku yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, ku duba ayar da ta gabace ta, ga bayi aka rubuta ta, mutanen da aikinsu shara ne da ɗiban ruwa, ba wa'azi ba. Bulus ya zauna a Koranti yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da matarsa, ya kuma gaya wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya bukatunsa da na abokan tafiyarsa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ba a filin taro aka samo shi ba, Dakta Walter Miller da abokan aikinsa sun shafe shekaru a zaune suna gyara kalma bayan kalma, shi kuwa likita ne da ya gama karatunsa kafin ya zo Zariya. Ajin nan da na riƙa bari a hannun monita shi ne gonar da Ubangiji ya ba ni, na tsallake ta na tafi neman wata.

Na san za ku ce Bitrus ya bar tarunsa, Matiyu ya tashi daga teburin haraji, kuma gaskiyarku ne. Akwai wanda Ubangiji yake kira ya bar kome, irin wannan in ya ji maganata ya zauna, na cuce shi, shi ma ya yi rashin biyayya. Ba na so in zama dattijon da ya kashe wutar yaro don shi tasa ta ƙone shi. Gaskiya ma, na fi son saurayin da ya wuce gona da iri a kan yawancinku, masu shigowa sujada ana tsakiyar wa'azi, ku zauna a baya kuna latsa waya, ba ku iya kawo aya biyar da ka, a kira ku sharar majami'a ranar Asabar ku ce kuna da uzuri. Ku ba da ku nake ba, ku tashi daga barci tukuna. Amma shi ma mai zafin, in har kiran gaskiya ne, ba zai ruɓe ba don ya jira ya rubuta jarrabawar ƙarshe. Abin da ba ya iya jiran watanni kaɗan wutar kara ce.

Kada kuma ku aiki kanku. A Ayyukan Manzanni sura 13, Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, amma ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su. Hanya tana nan a buɗe. Akwai makarantun tauhidi a Bukuru da Kagoro da Gindiri da Jos, akwai EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, da takwarorinta da suke aika masu bishara zuwa wuraren da ba wanda zai ɗauke su hoto. Ban gane dalilin da ya sa yaran yanzu ba sa son wannan hanya ba, ko kuwa na gane, domin a can za a sa ka a ƙarƙashin wani, a duba halinka, a tambaye ka lissafin kuɗi. Ku kuna so ku kwana ɗalibai ku wayi gari manzanni, da laƙabi da hoto da masu bi a Facebook, ba ku taɓa koyar da yara a makarantar Lahadi na shekara guda ba. Mu ma mun yi girman kai, ban musa ba, amma aƙalla mun sha rana.

Abu na ƙarshe, hakkin uwa ba baiko ba ne, kada ku ɗauke shi ku sa a faranti. Yesu yana kan gicciye, da nauyin duniya duka a kansa, ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, daga wannan sa'a kuwa almajirin ya kai ta gidansa. Duk wanda yake jin an kira shi, ya ɗauki mahaifiyarsa su je wurin fasto da dattawa, a zauna a ɗaki ɗaya, a faɗi wanda zai biya hayar gida da kuɗin makarantar ƙanne in ya tafi, a kira sunan mutumin, kada a tashi a kan cewa Allah zai tanada. Wanda kuma ya riga ya ajiye karatu ko aiki kamar yadda na yi, ya rubuta takarda a makon nan ya nemi a mayar da shi, ko da za a ce ya maimaita shekara, ya kuma je gida ya durƙusa ya nemi gafara tun waɗanda ya cuta suna da rai. Za a yi maganarsa a zumunta, wasu za su ce ya ja da baya, ya bar su su faɗa.