Ruwan da ke ɓaci a hanya kafin ya iso gida

A watan jiya ne aka haƙa ƙofar gidanmu a tsohon garin Birnin Kebbi, bayan mun yi makonni ruwan famfo yana zuwa mana jaja-jaja, da warin kwata a duk farkon zuwansa. Dattijon da ya yi aikin ya yanko guntun bututun ƙarfe ya miƙo mini, ya ce, "Malam, leƙa ka gani da idonka." Tsatsa ta yi ɓawo a cikinsa har ɗan yatsana ya kasa shiga, a gefe kuma ga huda da wani ya taɓa naɗewa da tsohuwar robar tayar babur. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, daidai wurin naɗin nan a tsakiyar lambatu yake kwance.

Idan ruwa ya gurɓata, yawancinmu matatar ruwa muke fara zargi. Amma aikin matatar ruwa irin ta Dukku, wadda ke ba garin nan ruwa, sananne ne: a ɗebo ruwan kogi, a sa masa alif laka ta kwanta, a tace shi da yashi, sannan a zuba kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a tarar da aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a bakin famfo, domin shi ne mai gadin ruwan a kan hanya. Tsatsa da dauɗar tsohon bututu kuwa cinye kulorin ɗin suke yi, sai ruwan ya iso gida ba shi da kariya.

Babban haɗarin yana cikin ɗaukewar ruwa. Muddin bututu yana cike kuma ruwan yana da ƙarfi, hudar waje take tsiyayarwa, asarar ruwa kawai za a yi. Da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi, ko ruwan kwata ne ko tsatsafar shadda. Masu haɗa injin ja kai tsaye da layin unguwa suna ƙara wa wannan zuƙa ƙarfi, ko da ba da niyyar cutar da maƙwabta suka yi ba. Ta irin wannan hanya ce taifot da amai da gudawa kan shiga gidan da ake ganin mai tsafta ne, musamman da damina. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Kebbi da Zamfara suna cikin jihohin da ta taɓa.

Tun da garin nan ya zama hedikwatar jiha a 1991 yake ta faɗaɗa, ana ta jona sababbin gidaje a kan layukan da aka shimfiɗa wa ƙaramin gari. A ganina sauya waɗannan layuka ya fi kafa sabon tanki muhimmanci, sai dai abin da aka binne a ƙasa ba ya jan ido ranar buɗe aiki, shi ya sa yake zama na ƙarshe a lissafi. Akwai baƙin bututun roba mai kauri wanda ba ya tsatsa, da zafi ake narka bakunansa a haɗe su, don haka ba ya barin kafa a mahaɗa. Inda ya zama dole ya tsallaka lambatu, sai a zura shi cikin wani bututun a ɗaga shi sama da ƙazantar, kuma a wanke sabon layi da kulorin kafin a saki ruwa. Dole ne kuma aikin ya haɗa da ƙananan layukan da ke shiga gidaje, domin irin wanda aka yanko a ƙofarmu ne suka fi ruɓewa.

Mu gida shida muka yi karo-karo muka sauya namu layin, kuma warin ya ragu ƙwarai. Babban bututun da ke ƙarƙashin titi yana nan yadda yake, saboda haka bokitin farko na wanki ne, na sha kuma sai an tafasa. Guntun ƙarfen nan na ajiye shi, zan kai shi gaban mai unguwa a zaman da za a yi bayan sallar Juma'a.