Abin da tallar atamfa a waya ta koya mini

Gajiya da maimaita amsa ɗaya ce ta sa na fara rubutu a kan sana'ata. Kusan kullum sai wata ta tsaya a shagonmu da ke Kantin Kwari, ta ɗaga turmin atamfa ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ba ta zuba?" Wata rana bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, na zauna na rubuta abin da na saba faɗa da baki: a juya bayan zanen a duba, domin atamfa mai kyau launinta yakan ratsa gaba da baya kusan daidai, ta bogi kuwa bayanta a koɗe yake, a kuma zare zare ɗaya daga bakin yadin a ƙona, idan auduga ce za ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, idan kuwa roba ce sai ta narke ta dunƙule. Rubutun bai ba ni wahala ba. Wajen isar da shi ga mutane ne na yi ta tuntuɓe.

Da farko na ɗauka yawan turawa shi ne yawan ciniki. Sai na liƙa farashi da lambar waya a ƙarshen kowane rubutu, na riƙa jefa shi a duk zauren WhatsApp da nake ciki, daga na tsofaffin ɗalibai har na kwamitin masallacin unguwa. Tun 2019 manhajar ta taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, amma maimakon in fahimci cewa irin halina ake son ragewa, sai na riƙa bi biyar-biyar har sai na gama. Ranar da na dawo cikin hayyacina ita ce ranar da na tura hotunan sabuwar shadda a zauren danginmu ba tare da na karanta abin da ke sama ba, ashe sanarwar rasuwa ce aka sa, 'yan'uwa suna ta addu'a. Babban yayanmu ya kira ni, bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba ya ce, "Yanzu kai ana zaman makoki kana baje haja?" Ban iya cewa komai ba sai, "Yaya, a yi haƙuri, na yi kuskure."

Daga nan na tsaya na lura da yadda kowace kafa take aiki. Abin da mutum ya ɗora a sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya isa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, amma shi ma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai ga komai ba. Wannan ya nuna mini cewa rabin aikin yaɗa rubutu a cikin shago ake yin sa, lokacin da ake naɗe kaya ana ƙirga canji. Yanzu nakan ce, "Hajiya, idan ba damuwa ki ajiye lambata, nakan sa bayani a kan kaya," kuma wadda ta yi shiru ba na matsa mata. Mutum ɗari da suka karɓa da yardarsu sun fi mini zaure goma da ake share saƙona tun kafin a buɗe shi.

Facebook kuma halinsa dabam ne. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa za a fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kamfanoni, wanda ke nufin rubutun ɗan kasuwa yana tafiya ne gwargwadon yadda mutane suka tsaya suka yi magana a kansa ko suka tura wa wasu. Babu mai tura wa ƙawarta jerin farashi, amma bayanin yadda ake wanke shadda da ruwan sanyi a shanya ta a inuwa, a kuma kai ta wurin masu bugu idan ƙyallinta ya kwanta, wannan ana turawa. Saboda haka nakan zuba rubutun gaba ɗayansa a wurin, ba na sa rabi in ce a latsa wani wuri don ganin saura, domin mai lallaɓa ɗan datan da ya saya ba ya bin irin wannan umarni. Nakan kuma amsa duk tambayar da aka yi, har ta wanda na san ba saye zai yi ba.

Akwai abokan cinikina na Maraɗi da Damagaram da suka fi son sauraro a kan karatu, su nakan karanta musu rubutun da murya cikin minti ɗaya ko biyu.

Lokaci ma ya taɓa ba ni kunya. Na shirya dogon bayani a kan yadin da ya dace da kayan Sallah, yadi biyar na riga da wando, goma idan da babbar riga, na sake shi a goman ƙarshe na azumi, alhali a lokacin teloli sun daɗe da rufe karɓar ɗinki. An yaba rubutun, ciniki kuwa bai biyo baya ba. Bana tun cikin Sha'aban na fitar da shi, na sake ɗora shi sau ɗaya a makon farko na Ramadan, sa'an nan na bar shi haka. Zauren dangi kuwa ban ƙara sa komai na kasuwa a ciki ba, sai ga shi matar yayan nawa ce da kanta ta tura bayanin wankin shadda a can, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa a tambaye ni idan akwai abin da ba a gane ba.