Katakon da ban ɗaure ba

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin Hilux, bayan shekara 6 a gonar nan ta hanyar Vom. Yaran da za su karɓe ni sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Abin da nake da shi bai wuce ranar da babur mai ƙafa huɗu ya danne ni ba.

Watan Agusta ne, an kwana ana yayyafin nan na Jos da ba ya ɗaukewa. Manaja ya ce a kai babur ɗin Bokkos kafin azahar, za a zagaya gonakin dankali. Sau uku ina rubutawa a sayo mana gadar lodi ta ƙarfe, sau uku ana ce mini babu kuɗi. Katako biyu muke jinginawa a marfin baya. Ranar sun sha ruwa, ga taɓo a tayoyi. Na ce, "Oga, a ba ni minti goma in ɗaure katakon a jikin mota, in ja ta gindin tudu." Ya dubi agogo ya ce, "Kullum ba haka kuke yi ba? Hau mu tafi."

Na hau. Tayoyin gaba sun kai bakin bodi, sai na ji na baya suna santsi, na ƙara danna totur da babban yatsa. Taya ta harba katakon dama baya, ya suɓuce daga marfin. Abu mai nauyin kusan kilo 300 ya kife a kaina. Har yau ina tuna warin fetur da jar ƙasar da ta cika mini baki. Ƙashin kafaɗata ya karye. Kaina kuwa Allah ya tsare shi da hular kwano, ita ma Baba maigadi ne ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, sa wannan tukuna."

A rahoton da aka kai ofis, gangancin direba aka rubuta. Wata uku ana yankar albashina kuɗin gyaran babur, ina gida hannu a rataye. Nawa laifin na yarda da shi: na san daidai, aka daka mini tsawa na bi. Amma wanda ya hana ni minti goman ko sannu bai zo ya yi mini ba. Bayan mako biyu sai ga gadar ƙarfe an sayo.

To, ku da za ku ci gaba. Ko gadar ta ƙarfe ce, ku ɗaure ta a gindin mota da bel mai ƙugiya, ku ja birkin hannu. Ku nemi tudu don hawan ya kwanta. Ku sa babur a ƙaramar giya, tayoyi huɗu na ja, ku miƙe ku karkata gaba, a hankali ba tsayawa. Kada kowa ya tsaya a baya. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu kusan mita ɗaya da rabi ne, babur ya kai mita 2, don haka tayoyin baya a kan marfi suke zama. Ku duba abin da ke riƙe marfin. Ku sa tsohuwar taya a gaban babur saboda gilashin mota. Ku ɗaure babur da bel huɗu, ku sake ja a Mararaban Jama'a.

Tun daga ranar ban ƙara ko ƙwarzane fenti ba. Sau ɗaya manaja ya sake cewa in yi sauri, na ajiye masa makulli a kan bonet na koma gefe. Kafaɗar dai har yanzu takan tashe ni da asuba idan sanyin Disamba ya shigo.