Faɗi da Taurin Siki: Shawarar da Na Ba Ƙanina Kafin Ya Biya Kuɗi

Kowane siki, wato dogayen sillayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, yana da lambobi uku a jikinsa, kamar 126-94-116. Ta farko faɗin baki ce, ta tsakiya faɗin ƙugu, daidai inda takalmi yake zama, ta ƙarshe faɗin wutsiya, duk a milimita. Masu wasan in sun haɗu ta tsakiyar kawai suke tambaya, domin ita ce take nuna irin ƙanƙarar da aka ƙera sikin dominta. Ƙasa da 80 na hanyar da mota ta daddaɓe ta yi tauri ne. Daga 85 zuwa 100 shi ake kira na ko'ina a dutse. Abin da ya haura 105 kuwa na sabuwar dusa ne mai zurfi, wadda ƙafa ke nutsewa a ciki.

Ni a Kayseri ta Turkiyya na koyi wasan lokacin da nake karatu, a Dutsen Erjiyes mai tsayin mita 3,917, wanda bai fi tafiyar kilomita 25 daga gari ba. Yanzu na dawo Kaduna, ƙanina ne a can. Ranar da ya turo min hotunan siki biyu na hannu ta WhatsApp muna tsakar gida a Tudun Wada, Hajiya ta leƙo wayar ta ce, "Wai ku da ko hunturun Kaduna ba kwa iya wanka da asuba, me ya kai ku ƙanƙara?" Ɗaya daga cikin sikin ƙugunsa 108 ne, da faranti biyu na ƙarfe a cikinsa. Ɗayan 92, ice ne zalla a ciki, baki da wutsiya duk a ɗage. Ƙanin nawa kuma so yake ya samu guda ɗaya da zai shiga filin tsalle-tsalle da shi, wato wurin da aka tanadi tudun tsalle da akwatuna da bututun ƙarfe da ake zamiya a kansu, ya kuma zaga dutsen gaba ɗaya, don aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar biyu. Hankalinsa na kan mai faɗin. "Yaya, irinsa nake gani a bidiyon Japan," in ji shi.

Na ce masa dusar Hokkaido ta Japan daban, ta Erjiyes daban. Dutsen nan iska gare shi, takan share saman ta bar ƙasa da tauri, kuma yawancin safiya a kan daddaɓaɓɓiyar hanya mutum yake wuni. Faɗi kamar tayar babur ne: mai faɗi tana hawa kan yashi ba ta nutse ba, amma a kwalta siririya ta fi saurin juyawa. Na sha ɗaukar masu faɗi haya. Ranar da dusa ta kwana tana zuba, wallahi ba a magana, ji kake kamar ruwa ne ya ɗauke ka. Amma a busasshiyar safiya, kafin ka kwantar da shi daga kaifin ƙarfen wannan gefe zuwa na wancan sai ka ji akwai jinkiri, kuma da yamma gwiwa ce take biya, domin kaifin ya yi nisa da tsakiyar ƙafa, duk juyi sai ya murɗe ta. A filin tsalle ma nauyinsa cikas ne. Wanda zai juya a iska yana son abu marar nauyi a baki da wutsiya, shi ya sa yawancin sikin filin suke tsakanin 85 da 95. Ɗagaggiyar wutsiyar nan kuma ba ado ba ce, ita ke ba ka damar sauka ko tafiya da baya. Kamfanin Salomon ne ya yaɗa irinsa da samfurinsa mai suna 1080 a ƙarshen shekarun 1990, kuma wasan bin ƙarafa da tsalle-tsallen nan sai a Sochi ta Rasha a 2014 ya shiga gasar Olamfik.

Maganar tauri ta fi ta faɗi wuyar sha'ani, domin babu wani ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi. Ko lambobin tauri da ake rubutawa a takalmin siki, 90 ko 110 ko 130, na wannan kamfani ba ya zama daidai da na wancan, balle siki. Abin da ya kamata mutum ya gane shi ne siki ba ya juyawa sai ya lanƙwasu, kuma nauyinka da gudunka ne suke lanƙwasa shi. Farantin ƙarfen nan, wanda galibi Titanal ne, wani haɗin alminiyom da ake yi a Ostiriya, yana kashe karkarwa, ya riƙe siki daram a kan ƙanƙara mai santsi. Ga ƙaton mutum mai gudu, ni'ima ce. Mu kuwa gidanmu sirara ne, kilo sittin da 'yan kai nake, ƙanina bai ma kai ni ba. Na gwada mai faranti biyu, na san yadda yake yi da marar nauyi: kana son kwana, shi yana son miƙewa, in ka ɗan koma baya da jiki sai wutsiya ta harba ka gaba. A fili kuma ba za ka iya danna baki ko wutsiya ka yi wasa a kansu ba, sai ka ce ƙofa ka ɗaura.

Mai laushi sosai ma yana da nasa. Na wuni da irinsa a filin Kartalkaya, kusa da Bolu, ya yi daɗi a kan akwatuna da ƙananan tsalle. Da na fita babbar gangara na sake shi, bakin ya dinga kaɗawa fat-fat-fat har ina ji a haƙora. In kuma ka sauko daga babban tsalle da nauyi a baya, wutsiyar ba ta tare ka, ninkewa take yi ka zauna daɓas. Abin da na tsaya a kai shi ne mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, mai sassauci a baki da wutsiya. Gwajin ba wuya: ka kafa wutsiyar a ƙasa, ka riƙe bakin da hannu ɗaya, ka danna tsakiyar da tafin ɗaya hannun. Ka lura da inda ya fara ba da kai da kuma yadda yake dawowa. Wanda ya gaji da aiki dawowarsa sanyi-sanyi ce. Sannan ka haɗa biyun ciki da ciki, wato fuskokin da ke taɓa ƙanƙara, ka duba ko akwai ɗan sarari a tsakiya. In sun manne shamɓal alhali an ƙera su da gantsarwa, ƙarfinsu ya tafi.

Sai inda ake ɗaura maƙalin takalmi. 'Yan fili a tsakiya cif suke sa shi, don gaba da baya su zo daidai. Na ko'ina kuwa yakan koma baya da santimita da dama, a layin da kamfani ya zana. Ni santimita biyu zuwa uku bayan tsakiya nake so, ba a rasa juyi a iska ba, baki kuma bai nutse a sabuwar dusa ba. A siki na hannu dole a ƙirga tsoffin ramukan kusoshi, don kowane sabon huji yana rage masa ƙarfi, a kuma tabbatar birkin maƙalin, wato ƙarfen da ke tsayar da siki in ya cire daga ƙafa, ya haye faɗin ƙugun ba tare da ya wuce shi da fiye da milimita 15 ba.

Na ce wa ƙanina ya manta da mai 108, ya koma wajen mai 92 ɗin da rana, ya bi kaifin ƙarfen da farce tun daga baki har wutsiya. A nan ne fili da dutse suke rigima ta gaske. Masu hawa bututun ƙarfe sukan sa magagari su dakushe kaifin ƙarƙashin ƙafa, don kada ya cije bututun ya kifar da su. Wannan kaifin kuma shi ne kaɗai abin da ke riƙe ka a daskararriyar gangara da safe. Wanda aka dakushe sosai, ko mai gyara ya wasa shi, ƙarfen ya riga ya ragu, in kuma akwai tsaga a ƙarƙashin ƙafa, ruwa zai shiga ya kumbura icen. "To Yaya, ni da nake son duka biyun fa?" Na ce yadda nake yi shi ne in ɗan kashe kaifin baki da na wutsiya kaɗai, in bar na tsakiya da ɗan cizonsa, in tsaya a kan akwatuna masu saman roba da tsalle, bututun ƙarfe kuwa sai ranar da na ari sikin wani da aka riga aka sadaukar. Ragowar kuɗin kuma ya sa a hular kwano da takalmin da ya kama diddige, ya gwada shi da safar da zai yi wasan da ita.